Gamanar da ta sayi tarakta

Ni mutum ne mai waswasi, duk garinmu an san haka. In na ɗaure akuya na baro gida, sai na koma na taɓa igiyar. In na yi alwala na kama hanyar masallaci, nakan tsaya a tsakiya in tambayi kaina ko na shafi kunne. Matata ta daɗe da daina yi mini magana a kai. In ta ga na juyo daga bakin zaure, ko kai ba ta ɗagowa, sai ta ce, "A ɗaure take, Malam." To, irin wannan mutum ne aka danƙa wa gona a cikin waya.

Da rani ne, an gama kaka, aiki ya kwanta. Ƙanena da ke neman kuɗi a Agadas ya aiko mini da tsohuwar wayarsa, irin ta shafawa, gilashinta ya ɗan tsage a kusurwa. Na kai ta fada, gindin itacen bedin da muke shan shayi, don a nuna mini kanta. Taubashina, ɗan kawuna, shi ya fizge ta. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawansa yake kirana, ni kuma in ce masa ragon kawu. Ya jujjuya wayar, ya ce, "Bawana, wannan ai kango aka aiko maka, ba kowa a ciki." Ya haɗa ta da tasa, ya turo mini wani wasa na noma da shi ma bai daɗe da samu ba.

Jama'a, ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Baƙa wuluk, ba rairayi, ba ƙuduji, ba fara, ba tsuntsu. Ka ja yatsa a kan fili, alkama ta shuku. Kafin a sauke shayin fari ta nuna, ta yi jajir tana kaɗawa. Ka ja lauje da yatsa, ta shige rumbu da kanta. Ni da na saba jiran gero tun daga ruwan shuka har kaka, ina duban gabas kullum kamar mai jiran baƙo, sai ga ni na yi girbi kafin kofi ya zagayo kaina. Na tuntsire da dariya har shayi ya shaƙe ni. Na sake shukawa, na sake girbewa. Na ce a duba mini, ko dai wayar ta lalace ne? Aka ce a'a, haka abin yake.

Rubutun ciki duk Faransanci ne. Ni kuwa lakwal ɗina, wato bokona, a firamare ya tsaya, amma da na riƙa bin kalmomin a hankali, leɓe na motsi, sai na ga ashe malaminmu, da muke ce wa mushe, bai yi wahalar banza ba. Na gane kaza, na gane saniya, na gane masara. Na gane kanti, inda ake sayen kayan aiki da waɗansu kwabbai masu ruwan zinariya da mutum ke samu in ya sayar da amfani. A can ƙarshen kantin akwai tarakta ja, mai manyan tayoyi, an sa mata kwaɗo. Ba ya buɗewa sai kwabbai sun kai kuɗinta.

Ba zan ɓoye ba, abin ya shige ni. Ina tafiya ina murmushi ni kaɗai. Ranar kasuwar Bande na je sayen gishirin dabbobi, na dawo da igiya, gishirin kuwa na manta shi. Wata rana a sallar la'asar alkama ta faɗo mini a rai ina tsaye, na kasa tuna raka'a ta nawa nake, sai da na yi sujadar ba'adi, na kuma yi wa kaina doka: daga kiran salla har sallama wayar tana cikin ƙwarya a ɗaki, an rufe da faifai. Mai cajin waya na bakin kasuwa, wanda ke da faifan hasken rana, ya fara yi mini sannu da zuwa tun daga nesa.

A fada aka ƙulla gasar. Taubashina ya ce, "Bawana, kai da tarakta sai dai ka gan ta a mafarki." Na ce ragon da gonarsa ta gaske ciyawa ke cinyewa ba shi zai koya mini noma ba. Mutane suka zuga mu. Wani dattijo mai dafa mana shayi ya ce a sa wani abu mana, kada a yi ta surutu. Taubashina yana da amalanke da farin sa, ni ba ni da. Ina da tulin taki a bayan gida da na tara shekara guda, da gona mai nisa a hanyar Sassumbrum wadda ta gaji, gero ba ya wuce gwiwa a cikinta, ba kuma yadda zan kai takin nan a ka. Shi kuwa ba shi da harawa, don bai tara ba, ni ko tawa tana jibge a kan ɗaki, koriya shar, ita ce abincin tumakina har ciyawa ta fito. Aka yanke: gonar da ta fara sayen tarakta ta ci. In tawa ce, ya kwashe mini taki da amalankensa kyauta. In tasa ce, ya sauke harawata.

Na ce na yarda, muka tafa. Na koma gida. Na tsaya ina kallon harawar, tumaki na kallona.

Daga nan matsalar ta fito, kuma daga gidanmu ta fito. Ina yaro an yi wata shekara da Baba ya sayar da hatsi da wuri a kasuwar Magariya, damina ta zo ta yi gardama, muka ga abin da muka gani. Tun daga ranar ya kafa doka: ba a sayar da ko tiya ɗaya daga rumbu sai sabon gero ya fid da kai. Da wannan na tashi, da ita nake riƙe da gidana. To, a wasan nan riba tana wajen sayarwa. Motar kaya takan tsaya a bakin gona tana neman alkama ko masara, wasu mutane masu jajayen kumatu su zo da kwanduna. Taubashina da ya girbe sai ya zuba musu, ya sayi kaji, ya sayi shanu, ya sayi injin niƙa. Ni kuwa in na kai yatsa kan rumbu sai ya ƙi dannuwa.

Na san wasa ne. Ba sai an gaya mini ba. Na san ba wanda zai kwana da yunwa don alkamar cikin gilashi. Amma rumbun yana da wani ma'auni a gefensa da ke hawa in an zuba, ya sauka in an ɗiba, kuma ranar da na daure na sayar da rabi, na ga ma'aunin nan ya zube ƙasa, wallahi fura ba ta wuce mini ba da rana. A wasan ba damina ba rani, gero ba ya fid da kai, to yaushe ke nan ya halatta in buɗe? Sai na ɗauki kwabban da na samu na ƙara wa rumbun girma, na cika shi. Ya cika, ya yi ja, wasa ya ce ba wurin zuba sabon girbi. Na sayar da ɗan kaɗan ina runtse ido, na sake ƙara masa girma. Haka na yi ta yi. Rumbuna ya zama hasumiya, aljihuna fayau, ba kaza ko ɗaya.

A fada taubashina ya riƙa zagayawa da wayata yana nuna wa mutane. "Ku zo ku ga rumbun bawana! Ya tara wa aljanu abinci! Kai, ka gaya wa tumakinka su fara koyon azumi." Ni ma dariya nake, har da hawaye, don abin da ban dariya. Amma in na koma gida sai in ƙirga kwanakin rani a zuci in rasa inda zan sa kaina.

Matata mai ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa, duk kasuwar Sassumbrum an san bidonta, wato jarkar manta. Wata rana da hantsi tana matsar tunkuza, ina zaune ina ajiyar zuciya a kan waya, ta ce, "Malam, wa ya rasu a ciki?" Na nuna mata. Ta goge hannu a zane, ta duba rumbun, ta duba motar da ke jira, ta ce, "To ka sayar mana."

"Gero bai fid da kai ba."

Ta dube ni. Ta san Baba, ta san dokarsa, ta kuma san ni. Sai ta ce, "To ba ni gamana."

A wajenmu gonar gida gandu ce, ta maigida, daga ita ake ci. Amma mace tana da ɗan filinta da miji ke yanka mata, shi ne gamana. Ta shuka abin da ta ga dama, abin da ya fito nata ne, miji ba ya taɓawa sai da izininta. Matata tana da tata ta gaske a bayan gari, tana zuba gyaɗa da kuɓewa. Na yi dariya na ce a cikin waya ma? Ta ce a cikin waya ma. A gonar wasan akwai wani ɗan kududdufi mai agwagwa. Na ce daga kududdufin zuwa hagu nata ne. Na ɗebo mata iri daga rumbu, don wannan kam hakkin miji ne, ba sayarwa ba ne. Kwabbaina na ƙarshe na ƙara wa rumbun ɗan wuri da su, na ce ta riƙa zuba nata a nan. Muka shirya in zan fita da rana in bar mata wayar.

Abin da ta yi da ɗan wurin nan, har yau in na tuna sai in ji kamar in tashi in taka rawa. Ba ta karanta Faransanci, hoto take bi. Ba ta bari komai ya kwana a rumbu. Kuma ba ta sayar da tsaba. Ta ce wanda ya sayar da gyaɗa da ɓawonta ya yi wa mai matsa mai aiki ne. Girbinta na fari kaɗai ta sayar tsaba, ta sayi kaji, masara ta zama abincin kaji, kaji suka yi ƙwai. Ta sayi tanda, alkama ta zama burodi. Ta lura da abin da motar kaya ta fi yawan nema, ta riƙa shirya shi tun kafin ta iso. In za ta daɗe a bakin kasko sai ta shuka abin da ke jinkirin nuna, in tana zaune kusa sai ta zuba mai sauri. Ta kwashe tandar daga inda wasa ya ajiye ta, ta matso da ita kusa da akurkin kaji, wai yatsanta na gajiya da zirga-zirga. Gilashin wayata ya koma ƙamshin man gyaɗa.

Ni kuma in na dawo sai in zauna a gefenta kamar ɗan kallo. "Sayar! Ga mai kwando can! Kai, ya tafi!" Ita kuwa ta ce, "Malam, ka matsa, kana tare mini haske. Wannan ba ya biya da kyau, bar shi ya dawo." Kwabbai na tsalle suna shiga aljihu da wata ƙara, kilin-kilin, ni ina tafa hannu. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko an yi mana haihuwa ne.

Ban gaya wa fada komai ba tukuna, ba kuma wanda ya tambaya, don sun riga sun yanke cewa harawa ta tafi. Zafi ya tsananta. Shamuwa ta iso ta sauka a kan tsamiyar masallaci, kowa ya san ruwa ya kusa. In ba a kai taki kafin shuka ba, sai baɗi.

Ranar kasuwar Sassumbrum matata ba ta je ba, ta ba ni bidon mai in kai wa mai saye. A rumfar masu shayi na ci karo da taubashina, wayarsa a hannu, ya tara mutane. "Bawana! Zo ka yi ban kwana da harawarka. Saura ƙiris. Shanuna na ba da madara in kai wa mota, shi ke nan. Kafin la'asar ina kan tarakta." Ya nuna mini. Wallahi saura ƙiris ɗin ne.

Ban san yadda na miƙa bidon ba. Na tare kabu-kabu, na ce masa gida, ya yi sauri amma kada ya yi gudu. Ya ce in zaɓi ɗaya. Muka taho rairayi na watsa mu hagu da dama, hulata a hannu, ina salati ina dariya.

Na faɗa gida ko sallama ban gama ba. Tana bakin kasko, wayar na kan turmi a kife. Na buɗe kanti. Kwaɗon da ke kan tarakta ya ɓace, wurin dannawa ya zama kore. Kore shar! Na yi kabbara, tumaki suka firgita. Na ɗaga babban yatsa.

Sai yatsan ya tsaya.

Aljihun wasan ɗaya ne, amma na san abin da ke ciki. Tun ranar da na yanka mata gamana ban sayar da ko ƙwaya ba. Duk abin da ke ciki daga hagun kududdufi ya fito.

"Danna mana," in ji ta. "Me kake jira?"

"Ba nawa ba ne."

"Mene ne ba naka ba?"

"Kuɗin. Na gamana ne."

Ta ajiye matsami. Na ga lokacin da maganar ta isa, don idonta ya yi wani haske da na sani, irin na ranar da mai saye ya nuna yana gaggawa. Da na yi shiru na danna, har abada ba za ta kawo wannan a ranta ba. Ta gyara zama a kan kujera, ta ce, "Ashe fa. To, Malam, zauna mu yi magana."

"Wace magana? Shanunsa na can na ba da madara!"

"Su bayar. Ni ina ruwana da harawa?"

"Ba tumakinki biyu a ciki?"

"Nawa sa ci dusa." Ta juya ƙuli-ƙuli a cikin mai, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina canza ƙafa kamar mai jin fitsari. Sannan ta ce tarakta tata ce, in ina so in yi aiki da ita a gandu sai in yi sallama in ara. Na ce na yarda. Ta ce amalanke kuma, in ya zo, gamanarta ta bayan gari zai fara zuwa, sai ta ce ya isa, sannan ya wuce hanyar Sassumbrum.

"Takin fa nawa ne!"

"Taraktar fa tawa ce."

Na dubi harawa, na dubi koren nan, na ce na yarda, Allah ya shaida. Ta miƙo hannu, na ba ta wayar, ta danna da yatsa mai maiƙo. Tarakta ta shigo gona tana huci, taurari na tartsatsi a gilashi. Na zagaya turmi da gudu, ni magidanci, na dawo na sake zagayawa. Ta yi guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su sake leƙowa.

Da la'asar na je fada, amma ban nuna taraktar ba sai da na faɗi yadda aka same ta, tun daga kududdufi har sharaɗin amalanke, don kada in ci abin da za a ce da rufa-rufa a ciki. Taubashina ya iso a kan moto, wato babur, yana washe baki, ashe shi ma ya saya a hanya, sai dai wasan yana rubuta wa kowa lokacin da ya sayi abu, nawa kuma ya riga nasa. Ya yi tsalle ya ce bai yarda ba, da bawansa ya yi gasa, ba da matar bawansa ba. Dattijon mai shayi ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa, ya ce shi dai abin da kunnensa ya ji, an ce gonar da ta fara saye, ba a ce yatsan da ya fara ba. Ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya taɓa nome gona shi kaɗai. Aka fashe da dariya. Taubashina ya karɓi wayata, ya duba hagun kududdufi ya daɗe, ya shinshina gilashin, ya ce, "To, alhamdu lillahi. Matarmu ce ta kayar da ni. Da wannan mai rumbun aljanu ne, da na bar garin."

Washegari da safe ya zo da farin sansa. Ya wuce ni a ƙofar gida kamar bai gan ni ba, ya durƙusa wa matata har ƙasa, ya ce, "Hajiya mai tarakta, ina za a kai?" Mu biyu muka yi ta loda taki, ita tana gaba da lulluɓinta tana nuna inda za a zuba. Amalanke ya je bayan gari ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, tulin yana raguwa, ni ina satar kallonsa. Na buɗe baki zan yi magana na tuna na ce Allah ya shaida, na rufe. Taubashina na lura da ni, yana ta ce mata, "Hajiya, can gefen ma bai samu ba, a ƙara?"

Da tulin ya kusa rabi ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce, "Ya isa. Ku kai wa Malam nasa, kada ya suma."

Muka kama hanyar Sassumbrum, ni a kan taki, shi yana kora sa, gabas ta fara haɗa baƙi. Mun yi nisa na ce ya tsaya. Ya ce lafiya? Na ce ban tabbata na ɗaure akuya ba.

"A ɗaure take, bawana," in ji shi, ya kaɗa wa san igiya.